Luba Mai Waina da Kiran Jidda

Jawo kujerar nan ka zauna, ke ma matso kusa, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Labarin Luba zan ba ku, Luba mai waina ta bakin tashar motocin Abuja. In ka taɓa yin sammako daga Suleja cikinka ba komai, da wuya a ce ba ka ci daga tandarta ba.

'Yar gari ce gaba da baya. A unguwar Kurmin Sarki aka yanke mata cibiya, a nan aka yi mata aure, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan kuma aka ɗauki mijinta Malam Siddiq mai gyaran babur aka kai shi makwancinsa, wata damina da ta wuce da daɗewa. Tun daga ranar tanda ce ke riƙe da gidan. Kafin gari ya waye ta hura wuta, ma'aikata 'yan haya su yi mata layi, kowa yana duba agogo yana cewa Mama ni dai ki fara sallamata, mota za ta cika. Hayaƙi ya dafa mata ido, zaman kujera 'yar tsugunno ya gama mata da gwiwa. Ba ta da yawan magana. In ka ce mata ina gajiya, sai ta ce ba gajiya, alhali kana kallon gajiyar a kafaɗunta.

'Yarta ta fari sunanta Sa'ida, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Tafa. Luba ba ta taɓa kama sunanta ba, kun san kunyar 'yar fari. "Yarinyar nan" take cewa, ko da yake yarinyar ta isa ta yi wa ƙato allura ya yi ƙwalla. Wani ɗan Zariya mai suna Ja'afar, wanda ke aiki a Abuja yana haya a unguwarsu, ya gan ta ya ce yana so, ita ma ba ta ƙi ba. Magabatansa suka taso takanas suka zo neman a sa rana. Aka ba su ruwa, aka ba su abinci, aka ba su haƙuri. Suka sake dawowa, aka sake ba su haƙuri.

Ba wani abu ya hana ba sai maganar waliyyi. Marigayi Malam Siddiq ya bar 'yan'uwa maza biyu. Ƙanensa Saifullahi yana nan kusa, yana sayar da baƙin mai a mahaɗar Diko. Yayansa Bamalli kuwa tela ne, ya tafi aikin hajji tun Sa'ida tana goye, ya sami wani ɗan shago a Jidda ya zauna, bai ƙara waiwayo gida ba. Luba ta hau mota ta sami Saifullahi a rumfarsa.

Ya ce, "Ni ba zan tsaya a auren 'yar Yaya Siddiq ba, alhali babban yaya yana raye bai buɗe baki ba. Ya ce in tsaya, in tsaya. In kin ce ya ce, maganarki ta ishe ni."

Ta ce, "To ka kira shi mana, ba ga waya a aljihunka ba?"

"Ni? Tun rabon gonar Baba bai sake ɗaga wayata ba. Ke dai ki kira shi, ke yake jin nauyi."

Ka ga aiki ya faɗo kan Luba. Sa'ida ba za ta ɗauki waya ta tambayi baffanta izinin aurenta da bakinta ba, ba a yin haka. Kuma wayar Bamalli 'yar ƙarama ce mai madanni, irin wadda ba ta san data ba, balle a yi masa kiran nan na kyauta da yara ke yi suna ganin juna. Sai dai a zuba kati a kira shi kai tsaye.

Wani alhaji ne ya kawo mata lambar. Ta danna, ta sake dannawa, wata murya ta ce babu wannan lamba. Da ta tashi daga tanda, sai ta tsallaka titi wajen Ifeanyi, mai sayar da kati da cire kuɗi a ƙarƙashin lema. A Suleja aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan hayar daɗi.

Ya duba ya yi dariya. "Mama, da wannan sifilin na farko, a cikin Najeriya kike ta yawo kina neman mutumin Jidda. Kowace ƙasa da ƙofarta. Sai a cire sifilin a sa lambar ƙasarsu tukuna."

Ya gyara mata, ya zuba mata kati. Wayar ta yi ƙara, ya karanta mata saƙon: kamfani ya yi mata kyautar mintuna masu yawa. Luba ta ji daɗi, ta ce ashe abin da sauƙi. Ta koma gida, ta yi la'asar, ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta kira.

"Salamu alaikum. Yaya, Luba ce, daga Suleja."

"Luba? Luba ta Siddiq? Allahu akbar! Luba, ina wuni?"

"Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya yara? Ya haƙuri? Ya ruwa, ana samu bana?"

"Alhamdu lillahi. Ya jikin naka? Ya mutanen wajenku?"

"Duk lafiya. Ya gidan Liman? Ya gidan su Mas'uda? Tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin rijiya tana nan kuwa?"

"Ai ta riga mu gidan gaskiya, Yaya."

"Inna lillahi! Yaushe? Allah ya jiƙan ta. To ɗanta gurgun nan fa..."

Ƙit. Shiru. Luba ta yi ta halo, halo, wayar ta mutu a kunnenta.

Washegari ta tsaya a gaban lemar Ifeanyi ranta a ɓace. Ta ce ina mintunan da aka ce an ba ta? Ya latsa ya nuna mata: suna nan cif, ko ɗaya bai taɓu ba.

"Mama, kin san gyara? In mutum ya sayi waina kika ƙara masa ɗaya? To bonas gyara ce, a gida ake cinta, ba ta ƙetare boda. Kiran waje daga ainihin kuɗinki yake sha, kuma ba da cokali yake sha ba, da ludayi."

"To me ya sa ba ka gaya mini jiya ba?"

"Na ɗauka magana ɗaya za ki yi ki ajiye. Minti nawa kika yi kina gaisuwa?"

"Gaisuwar ma ba mu gama ba."

Ya dafe kai. "Chineke! Ku Hausawa gaisuwarku kaɗai ta isa ta gina wa kamfani bene."

"Ku da ba ku iya ta ba ai kun huta," in ji ta. Ta kwance bakin zani ta sake sayen kati.

Kira na biyu bai ma kai ga Bamalli ba. Ba wanda ya gaya mata cewa agogonsu yana gaba da namu, lokacin da ta kira yana masallaci. Wayar ta yi ta ƙara, can wata mace ta ɗauka tana Larabci. Luba ta yi mata sallama cikin ladabi, ta ce Alhaji Bamalli tela take nema. Matar ta ci gaba da zuba. Luba ta ga bai kamata ta katse baƙuwa tana magana ba, ta saurara har ƙarshe, aka yi wani ɗan ƙara, ta jira a kira shi, ta yi ta jira. Ashe na'urar ajiye saƙo ce, kuma tun daga sallamar nan, kuɗi ke zuba. Cinikin rabin yini ya tafi a kan matar da ba ta da rai.

Ranar da Ifeanyi ya ji wannan bai yi dariya ba. Ya ce akwai tsari na musamman na kiran ƙasar waje, ya fi araha, amma yana da wa'adi, in ba a yi amfani da shi ba cikin 'yan kwanaki ya ƙone. Ya ce ta riƙa kira da hantsi, kafin azahar ɗinsu. In ta ji Larabci ta kashe nan take, ba rashin kunya ba ne. Luba ta haddace duk wannan kamar karatun allo, ga ta da shekarunta. Don ta sami hantsin sai ta riƙa rage ƙullu tana tashi da wuri, masu zuwa a makare su tarar da tanda ta huce.

A kira na uku ta kai ga bakin maganar. Sun gama gaisuwa, Bamalli ya miƙa wa abokin ɗinkinsa wani Bakatsine wayar su ma suka gaisa, ya karɓa ya tambayi ko an kwalta titin unguwarsu, ko har yanzu ana kawo doya daga ƙauyukan Gwari ranar kasuwa. Ta sami 'yar kafa ta ce, "Yaya, dama maganar yarinyar nan ce."

Ya ce, "Allah ya raya ta, Allah ya yi mata albarka. Ni kam mangwaron nan na ƙofar masallaci, wanda muke hawa da Siddiq, an sare shi ko yana nan?"

Yaya za ta yi? Yayan miji ne, ya yi tambaya. Ta ba shi labarin mangwaro, daga mangwaro aka koma kan ladan, daga ladan aka koma kan wanda ya gaje shi. Ƙit.

Haka aka yi ta yi. Kira ya zama wani sabon aiki a kan aikinta. Ta san lambar ƙasa, ta san yadda ake duba abin da ya rage, ta san ranar da tsarin zai ƙone, ta san muryar matar Larabci tun daga numfashinta na farko. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake tare numfashin babba. Duk ran da ta kawo maganar yarinya, sai ya sa albarka ya zille, ya koma lissafin gidajen Kurmin Sarki ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya yi gini, wa ya koma Kaduna. Luba ta fara zargin ko kunnensa ne ya yi nauyi, ko tsufa ne ya taɓa shi.

Ana cikin haka Ja'afar ya zo gaishe ta wata Asabar. Ya durƙusa a zaure, ya daɗe yana murza hula kafin ya yi magana. Ya ce wajen aiki sun mayar da shi Fatakwal, ƙarshen wata zai tafi. Ya ce kawunsa ya yarda zai sake zuwa ranar Lahadi ta sama, amma kawun ya rantse in aka sake ba shi haƙuri ba zai ƙara taka Suleja ba, akwai 'yan mata a dangi. Ya ce, "Mama, ni ba na son kowa sai ita. Amma ba ni da bakin da zan ja da su."

Da yamma Sa'ida ta dawo daga Tafa, ko farin kayan aikin ba ta cire ba ta zauna kusa da uwarta tana taya ta tsince shinkafar ƙullu.

Can Sa'ida ta ce, "Inna, ki tsallake gaisuwar."

"In tsallake me?"

"Yana ɗauka ki faɗi abin da ya sa kika kira. In ya amsa, sai ku gaisa har Makka ta ji."

"Da yayan ubanki? In faɗa masa kamar 'yar karɓar haraji? Ke a asibitinku haka kuke yi wa manya?"

"A asibitinmu in jini yana zuba ba ma tambayar ya yara."

Luba ta harare ta. Sa'ida ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Inna, na gaji. Kullum in na dawo sai in kalli fuskarki in gane ba a yi ba. Ke ma kin gaji. Dubi idonki."

Luba ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana jefar da tsakuwa ɗaya ɗaya. A rayuwarta ba ta taɓa shiga gidan mutum ta fara da buƙata ba. Ko gishiri za ta ara wajen maƙwabciya sai ta tambayi lafiyar kowa har da awaki. Tun tana yarinya haka aka nuna mata, wanda ya fara da buƙata ba shi da tarbiyya, kuma abin yana bin uwarsa.

Ran Alhamis ta tashi daga tanda tun rana ba ta yi zafi ba. Ta tsaya wajen Ifeanyi ta ce ya zuba mata tsarin nan, babba, wanda ya fi kowanne. Ya kalle ta, ya ce, "Mama, abeg, yau kam a tafi kai tsaye." Ta shiga gida, yara duk suna makaranta, ta zauna a kan turmi a tsakar gida, hannunta yana warin man gyaɗa da hayaƙi. Ta yi bisimilla ta danna.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Luba! Ina kwa..."

"Yaya, an zo neman auren yarinyar nan. Mutanen kirki ne daga Zariya. Lahadi za su dawo, in ba a ba su rana ba sun tafi ke nan. Saifullahi ya ce ba zai tsaya ba sai ka ce. Ka ce wani abu, Yaya."

Ta faɗe shi a numfashi ɗaya, idonta a rufe. Tana jin ƙarar keken ɗinki can nesa, da hon ɗin motoci na wata ƙasa. Ta ɗauka layin ne ya yanke, ta cire wayar ta duba, ta ga daƙiƙoƙi suna tafiya.

Can ya ce, "Luba, yau ba gaisuwa?"

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. "Ka yi haƙuri, Yaya. Katin ne..."

"Na sani. Ba sai kin faɗa ba." Ya yi tari. Muryarsa ta sauka, ba irin ta kullum mai ɗoki ba. "Maganar yarinyar ma na sani. Tun azumi wani ɗan unguwarmu da ya zo umara ya gaya mini. Ya ce yaron yana da hankali."

"Ka sani, Yaya?"

"Na sani. Luba, wayar nan tawa, in ta yi ƙara daga Suleja, to mutuwa aka yi. Rasuwar Innarmu, rasuwar Siddiq. A gaya mini a kashe. Sai ga shi kin kira, kin tambayi jikina, na tambaye ki mangwaro kin ba ni amsa. Ranar ban iya ɗinki ba. Na ce a raina, in na amsa mata yau, shi ke nan, an gama da ni. Sai na ce bari in ƙara mako ɗaya. Mako ya zo, na ce bari in ƙara wani."

Luba tana tuna ƙullun da ta rage, da masu sayen da suka koma wajen wata, da fuskar yarinyar nan kullum da yamma. Tana so ta ji haushi, ta neme shi ta rasa.

Ya ce, "Ban kyauta ba. Ki gaya wa Saifullahi ya tsaya a madadina, na ba shi. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ki ce wa Sa'idatu baffanta ya sa albarka."

"Amin, Yaya. Mun gode. Allah ya ƙara girma." Sannan ta ce, "To... ina kwana? Ya jikin?"

"Lafiya lau. Je ki, kar in cinye miki kati. Sai wani lokaci."

Shi ya kashe. Duk kiran da suka yi a baya kati ne ke raba su, yau ne kaɗai mutum ya ajiye da hannunsa. Ta duba abin da ya rage, ta ga ko kashi ɗaya cikin goma ba ta taɓa ba. Ta daɗe a kan turmin nan, wayar a cinyarta, kaji suna kiwo a gindin ƙafarta.

Ran Lahadi mutanen Zariya suka zo, Saifullahi ya zo daga Diko da babbar riga, aka raba goro da alawa, aka sa rana. Bayan babbar sallah aka ɗaura aure, Sa'ida ta bi mijinta Fatakwal. Mintunan nan kuwa, cikin hidimar baƙi da wanke-wanke, wa'adinsu ya cika suka ƙone ba a taɓa su ba.

Luba tana nan a bakin tasha har gobe. Ƙannen Sa'ida suna makaranta, shinkafa ta yi tsada, itace ya yi tsada, gwiwa kullum sai ta shafa mata magani kafin ta miƙe. Lambar Jidda tana cikin wayarta, an gyara ta tsaf da lambar ƙasa, dannawa ɗaya ce. Wani lokaci in ta tashi da hantsi, ta zo daidai lemar Ifeanyi, sai ta rage tafiya. Ya ce, "Mama, a zuba na waje?" Wata rana ta ce gobe. Wata rana ta yi kamar ba ta ji ba. Yanzu ba ta da wata buƙata a wajen tsohon, sai gaisuwa kawai, ita kuma ta riga ta san abin da gaisuwar ke ci.

To kai da ke zaune nan, ke ma da kika yi shiru, in ku ne Luba, cinikin safiya yana ƙulle a bakin zani, za ku tsaya a gaban lemar ko za ku wuce?